Mai Jinyarmu Ma Yana Bukatar Kulawa

Duk ɗan kasuwa ya san cewa kanti ba ya ɗorewa idan ana ɗaukar kaya bashi ba a biya. Haka likitocinmu na Madarunfa suke. Tun shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, ita za ta biya. Shiri ne mai kyau, amma kuɗin sun sha makara, sai magani ya yanke, uwa ta huce haushinta a kan ma'aikacin da ke gabanta.

Da damina masassara da tamowa kan cika gadajen yara, ga majinyata da ke ƙetarowa daga Najeriya. A 2018 da cutar amai da zawo ta ɓarke a yankin nan, su ne suka kwana a tsaye. Da yawansu kuwa 'yan kwantaragi ne, ko matasan da ke aikin sa kai suna jiran a ɗauke su. Wanda ya gaji sai ya nemi Maradi ko Yamai, ƙauye ya zauna ba ungozoma.

Ƙungiyoyin agaji baƙi ne, baƙo kuwa raɓa ne. Don haka muna kira ga hukuma ta ɗauki yaran nan aiki, ta biya haƙƙinsu kan lokaci. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata masu adashi su shiga kwamitocin kula da likita, su nema wa ungozoma masauki da ruwa. Mu kuma rage faɗa a bakin layi. Allah ya ba mu lafiya, amin.