Ku faɗa mana nawa suka gama

Duk shekara idan lokacin rantsar da sababbin ɗalibai ya zo, jawabin shugabannin manyan makarantunmu kusan iri ɗaya ne: dubu kaza suka nema, dubu kaza muka ɗauka, bana mun zarce bara. A tafa, yara su ɗauki hoto da rigar haya, iyaye su koma gida suna hamdala. A kan wannan ne ra'ayin da ya zauna wa mutane ya ginu, wai ciwon ilimi mai zurfi a Arewa rashin gurbi ne, kuma makarantar da ta fi ɗibar yara ita ta fi ci gaba. 'Yan siyasa ma sun gano lagon. Kowane ɗan majalisa burinsa ya kai jami'a mazaɓarsa, in bai samu ba ya raba fom ɗin JAMB kyauta a gaban 'yan jarida. Ban yarda da wannan lissafi ba, don rabinsa kawai ake karanta mana.

Jihar Neja, alal misali, ba ta rasa ƙofar shiga ba. A Minna akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya tun 1983, da harabarta ta Bosso da ta Gidan Kwano. Akwai Kwalejin Ilimi ta jiha, wadda ta faro a 1975. Lapai na da jami'ar IBB tun 2005, ga kwalejojin fasaha a Bida da Zungeru. Ana turereniya a kan likitanci da lauya, wannan gaskiya ne. Amma a watan Agustan 2025, da Gwamnatin Tarayya ta dakatar da buɗe sababbin manyan makarantunta har shekara 7, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ce akwai kwalejojin ilimi 64 a ƙasar nan da ko mutum ɗaya bai neme su ba. Wace ƙofa kuma ake son a ƙara?

Tambayar da ya kamata a yi ita ce: cikin waɗanda aka rantsar shekara biyar da suka wuce, nawa ne suka fita da takarda a hannu? Ranar bikin yaye ɗalibai za a gaya maka nawa suka sami daraja ta ɗaya, amma a bukukuwan da na halarta ban taɓa jin an ɗora adadin masu fita a kan adadin masu shiga na ajin nan ba. Makiyayi ma in ya kora garke da safe, da yamma sai ya ƙirga abin da ya dawo ruga.

Yaro ba ya barin makaranta rana ɗaya. Ɗauki wanda ya zo daga wani ƙauye a Shiroro ko Munya, inda 'yan bindiga suka raba mahaifinsa da gonar doyar da ake biyan kuɗin karatun da ita. Bai sami gado a ɗakin kwanan ɗalibai ba, sai ya haɗa kuɗi da abokai suka kama ɗaki a waje. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota zuwa aji ya koma gasa da kuɗin garin kwaki. Ya fara tsallake laccar safe. Ya faɗi kwas biyu, suka bi shi aji na gaba. Aka rufe rajista kuɗinsa bai cika ba, aka ce sai da tara. Sai ya karɓi Keke Napep haya yana jigila tsakanin Mobil da Kpakungu a Minna, wai zuwa zango mai zuwa. Zangon ya zo ya wuce. Babu wanda ya buga masa waya daga sashensu, don babu wanda aikinsa ne ya lura ba ya nan. Haka yarinyar da aka aurar tana aji biyu na NCE, haihuwa ta faɗo mata a makon jarrabawa, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata tana iya rubuta takardar neman jinkirta zango. A gida sai a ce ai karatun ne ba rabonta ba.

Na san amsar da ake bayarwa: yaran yanzu ba sa karatu, waya ce a gabansu. Akwai irinsu, ba musu. To amma wa ya buɗe musu ƙofa? A 2025 mafi ƙarancin makin da aka amince a ɗauki ɗalibi da shi a kwalejin ilimi da kwalejin fasaha 100 ne cikin 400, jami'a kuwa 150. Ka ɗauki yaron da ya ci rubu'in maki, ka karɓi kuɗinsa, ka cusa shi cikin ɗakin lacca da ɗaruruwa suke cunkushe wasu a tsaye bakin taga, ba ka shirya masa wani darasin cike giɓin Turanci ko lissafi ba, sannan in ya faɗi ka ce raggo ne. Kai da ka san rauninsa tun ranar da ka ba shi gurbi, me ka yi a kai? A nan ne maganar take ɗaci, domin kowane sabon ɗalibi kuɗin shiga ne ga makaranta, wanda ya fice kuwa ba ya rage wa kowa albashi, gurbinsa wani zai cike baɗi.

Ga kuma yajin aiki. Na ASUU a 2022 ya ci wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Digirin shekara biyar irin na jami'ar fasaha ya miƙe, mai gidan haya kuwa bai tafi yajin aiki ba. Wasu sun kama sana'a a lokacin, wasu an yi musu aure, da aka koma aji ba su dawo ba.

Za a ce ai yanzu ga bashin NELFUND, ana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta, ana ba shi naira 20,000 a wata. Ya taimaki mutane da yawa, ba na raina shi. Sai dai shi ma ya ƙara wa tambayar nauyi, don wanda ya ci bashi bai gama ba ya tashi a tutar babu, ga bashi ga babu takarda.

Kada a fahimce ni da cewa a riƙa ba kowa maki don adadi ya yi kyau. Malamin bogi a aji da injiniyan bogi a kan gada sun fi ficewa illa. Abin da nake nema a fito da adadin fili, tare da dalili: nawa aka kora don faɗuwa, nawa kuɗi ya kora, nawa aure ko ciwo ya ɗauke. Ba sabon abu ba ne. A Amurka tun 1990 doka ta tilasta wa kwalejojin da ke cin gajiyar tallafin ɗalibai na gwamnati su bayyana kason masu kammalawa. Mu ma rajista ta koma kwamfuta, ciro wannan adadi ba zai ɗauki ko wata guda ba.

Gwamna Umaru Bago da Majalisar Dokokin Jihar Neja suna da iko a kan makarantun jiha, su ɗaura wannan sharaɗi a jikin kasafin kuɗinsu. Hukumomin NUC da NCCE da NBTE su sa shi cikin ƙa'idar tantance kwasa-kwasai. Kai kuma uba, kafin ka sayar da buhunan shinkafarka ka biya rajista, shiga ofishin shugaban sashen ka tambaye shi: Malam, ajin da ya fita bara, su nawa suka fara, su nawa suka gama?