Kafin Ka Biya Kuɗin Fuloti, Tambayi Kogin Haɗeja

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo cikin ƙananan ma'aikatanmu, har ta fara tsallakowa cikinmu ɗalibai. Da zarar saurayi ya kama aiki ya ɗauki albashin wata shida, sai ya ci bashi ko ya kwashi adashi ya nufi bayan garin Haɗeja sayen fuloti. Dillali ya riga ya karanta masa cewa ƙasa ba ta faɗuwa, abin da ka saya bana zai ninka baɗi. Mu kuwa muna cewa akwai filin da sayensa asara ce tun ranar da aka biya la'ada.

Ku lura da lokacin da ake wannan ciniki. Ba a kai mai saye ganin fili sai da rani, sa'ad da fadama ta bushe ta yi fes. Wane dillali ne ya taɓa kai mutum ganin fuloti a watan Satumba? Alhali kuwa Kogin Haɗeja bai ɓoye halinsa ba. Ya yi ambaliya a 2001, ya sake a 2018 da 2020 da 2022, ya ci gidaje da gonaki a Ringim da Auyo da Kafin Hausa da Guri.

Wannan ba tsautsayin shekara guda ba ne. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukansu a kan kogunan da ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Tun daga nan ruwa ya daina yankewa da rani kamar da, ciyawar kacala ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru. In damina ta yi nauyi, madatsun suka cika suka yi amai, ruwan da ya rasa hanya ina zai nufa in ba kwarin da aka yanka maka fuloti ba?

Saboda haka muna kira ga duk wanda aka yi wa tallan fili ya tsaya ya amsa tambayoyi uku kafin ya zaro ko kwabo.

Ta farko, ina ruwa ya tsaya a damina mafi muni? Kada ka tambayi mai sayarwa. Tambayi manomin da ke maƙwabtaka da wurin, ka dubi shatar ruwa a jikin itatuwa da tsofaffin katangu. In ƙasar baƙar laka ce mai tsagewa da rani, ka san gadon ruwa ake sayar maka.

Ta biyu, wa ke da filin? Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Abin da kake saye izinin zama ne kawai, kuma filin birni mai takardar gwamnati ba ya sauya hannu sai da yardar gwamna. In an karɓe shi domin aikin jama'a, diyyar ta abin da ka gina ko ka shuka ce. Takardar da aka rubuta a zaure gaban shaidu biyu ba za ta tsare ka ba, balle in gonar gado ce wadda wasu magada ba su san an sayar ba.

Ta uku, lissafi. A ce fulotin fadama rabin kuɗin na tudu ne. To, ɗora kuɗin ciko, da harsashi mai tsawo, da gyaran bangon da danshi ke ci kowace shekara, da watannin da ɗan haya zai gudu ya bar maka ɗaki. Ɗora kuma ruwan bashin da ka ci. In hayar da za ka samu ba ta biya waɗannan ba, kallon kitse ka yi wa rogo. Araha dai ba ta ado.

Za a ce mana gari yana bunƙasa, wanda ya yi jinkiri zai rasa. Gaskiya ne Haɗeja ta faɗaɗa tun da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, kuma ba mu hana kowa mallakar muhalli ba. Amma bunƙasar gari ba ta ɗaga kwari ya zama tudu. Kuma duk fadamar da aka mayar fuloti, an rage gonar shinkafa da alkama, an kuma matse wa ruwa hanya, ya juya kan talakan da ba shi da kuɗin ciko.

Mu da al'umma ta kashe dukiyarta ta ilimantar, abin kunya ne a ce manomin da bai shiga aji ba ya fi mu sanin inda ruwa ke kwana. In fili ya amsa tambayoyin nan uku, saya, Allah ya sa albarka. In ya faɗi ko da guda, mayar da kuɗinka aljihu, ka bar wa shinkafa wurinta.