Rage tsawon taku, ka ceci gwiwarka



Duk mai fitowa bayan sallar asuba a Maiduguri ya san yadda masu sassarfa suka ƙaru, daga kewayen filin wasa na El-Kanemi har titin Bama wajen jami'a. Wasu hawan jini ne ya fito da su, wasu ciwon suga. Ni ma ina cikinsu, har gwiwata ta dama ta fara ciwo, ta kai ga sujada ma sai da dabara. Da wani likitan gashin ƙashi ya ga yadda nake gudu sai ya ce: "Malam, takunka ya yi tsawo. Kana jefa ƙafa can gaba, kamar mai taka birki a kowane taku."

Bayaninsa shi ne, idan dunduniya ta sauka nesa da jiki, gwiwa kuma a miƙe, ƙarfin bugun yana tafiya kai tsaye zuwa gwiwa da ƙwauri. Maganin shi ne a gajarta taku a yawaita shi, ƙafa ta riƙa sauka kusa da ƙarƙashin jiki. Wani bincike da aka wallafa a 2011 daga Jami'ar Wisconsin ta Amurka ya nuna cewa ƙara yawan taku da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari yana rage nauyin da gwiwa ke ɗauka. Ƙidaya saukar ƙafarka ta dama cikin daƙiƙa 30, ka ninka sau huɗu. In ka samu 160 a minti, ka nufi 168. Kada taku 180 da ake yawan ambata ya dame ka. Koci Jack Daniels ya ƙidayo shi ne a jikin zakaru a gasar Olamfik ta 1984.

To, sanin dabarar ba shi ne wuyar ba. A makon farko ji na yi kamar yaro mai koyon tafiya. Numfashi ya ƙaru, dambubuna suka yi tsami, abokan da nake bari a baya suka riƙa wuce ni suna zolaya: "Yau kuma gudun amarya ake yi?" Sau biyu na kusa komawa tsohon salo.

A nan ne da yawa suke karaya, alhali abin da suke ji ba alamar kasawa ba ce. Jikin da ya shekara yana abu iri ɗaya dole ya yi gardama. Haka kuma jijiya, musamman agara, ta fi zuciya da tsoka jinkirin sabawa da sabon aiki.

Abin da ya riƙe ni shi ne canza ma'auni. Na daina duba minti nawa na yi, na koma rubuta kwana nawa na fita na dawo babu ciwo. Nakan yi minti biyu da sabon taku, minti ɗaya ina tafiya, sau uku kacal a mako, da sanyin safiya kafin rana ta buɗe. Bayan kusan wata biyu sai na tarar ƙafar tana yi da kanta, sujada kuma ta daina zame mini fargaba.

Amma kyakkyawan zato ba ya nufin cije ciwo. Tsamin jiki da ke wucewa cikin kwana biyu ko uku ba komai ba ne. Ciwo mai suka a wuri guda, ko kumburi, ko ɗingishi, a dakata a ga likita. Akwai sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Wanda kuwa yake gudunsa lafiya, babu dole ya canza salo.

Ga masu koyo, mata da maza, sannu ba ta hana zuwa. Bari su wuce ka yau, kai dai ka samu fitowa gobe.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.