Ramin ƙarya ƙurarre ne: kuɗin haram da littafin kontabul

Babbar damuwar mai safarar ƙwaya ko makamai tana farawa ne ranar da kuɗi suka shigo hannunsa. Buhun takardun kuɗi ba ya shiga banki sai da bayani, saboda haka sai a nemo masa riga: a buɗe otel, ko tashar mai, ko kamfanin shigo da kaya, a zuba kuɗin ciki da sunan ciniki. Wannan shi ake kira wanke kuɗin haram. Amma duk kamfanin da aka kafa don wanki dole ya rubuta ƙarya a littafinsa, kuma nan ne asirinsa yake tonuwa.

Alƙali Giovanni Falcone na Italiya ya gane haka tun 1980, lokacin da yake binciken Rosario Spatola, babban ɗan kwangilar gini a Palermo. Shaidu sun yi gum don tsoron Mafiya, sai ya koma kan takardun banki, ya bi cek ɗaya bayan ɗaya har ya haɗa kuɗin gini da cinikin hodar iblis ta heroyin zuwa Amurka. Mafiya ta kashe shi da bam a 1992, amma hanyarsa ta zama makaranta ga masu bincike. A Amurka ma, cikin 1989, an kama wasu dillalan zinariya na Los Angeles da suka wanke wa gungun Medellín na Kolombiya fiye da dalar Amurka miliyar guda. Akwatunan da takarda ta ce zinariya ce, kuɗi ne tsaba a ciki.

Dabarun ba su da yawa. Ana ƙirƙirar ciniki: otel ya rubuta cewa ɗakunansa cike suke kullum, alhali takardar kuɗin wuta da ta ruwa suna nuna gidan da babu kowa. Ana kumbura faktir: kayan miliyan 10 a rubuta miliyan 40, ragowar ta fita waje da sunan biyan kaya. Ana shigar da kuɗi da sunan bashin da wani abokin tarayya ya ba kamfani, bashin da ba shi da yarjejeniya, ba shi da ranar biya. Akwai kuma kamfanin da yake kukan asara kowace shekara gaban ma'aikatan lampo, amma yana ƙara manyan motoci da benaye. Mai bincike ba ya buƙatar duba a nan. Ya ɗora abin da aka ce an sayar a kan abin da aka saya, da abin da duwan ta rubuta, da albashin da aka bayyana wa CNSS. Inda lissafi ya ƙi haɗuwa, nan za a tona.

Kada wani ya ce wannan labarin ƙasashen Turawa ne. A watan Maris na 2021 an kama tan 17 na ƙwayar wiwi a wani sito cikin Yamai. Kaya irin wannan yana da masu shi, kuma ribarsu tana neman mashiga. Wanda zai fara ji a jikinsa shi ne ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram mai neman halak, domin mai wanki ba riba yake nema ba. Yana iya sayar da shinkafa ƙasa da kuɗin da ya saye ta, asarar kuwa ladar wanki ce a wurinsa. Wa zai iya tsere da shi? Daga kasuwa sai kuɗin ya wuce siyasa, ya sayi ƙuri'a, ya sayi shiru.

Doka ba ta yi ƙaranci ba. Nijar tana cikin ƙungiyar OHADA da aka kafa a 1993, wadda ta shimfiɗa tsarin lissafi guda ga kamfanoni, kuma tun 2004 ƙasar take da dokar yaƙi da wanke kuɗi da hukumar CENTIF mai karɓar rahoton duk hada-hadar da ake tuhuma. Abin da ya rage shi ne aiki da su. Wajibi ne lampo da duwan da bankuna su riƙa haɗa bayanansu, a kuma kare ƙaramin ma'aikacin da ya ga ɓarna ya faɗa, maimakon a tura shi wani ƙauye mai nisa don ladabtarwa. Kontabul ɗin da ya sa hannu kan lissafin ƙarya kuwa, a ɗauke shi abokin laifi.

Ƴan kasuwa su ma da nasu. Da yawa suna gudun rubutu don tsoron lampo, suna riƙe ciniki a ka da amana. To, cikin wannan duhun ne mai wanki yake fakewa, har a kasa bambanta shi da mutumin kirki. Wanda ya riƙe faktir da rasit da littafi mai tsabta ya tanadi mai ba shi shaida ranar da bincike ya zo. Hausawa sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, kuma ranar nan takarda ce za ta yi magana.