Ra'ayinmu: Hadarin da ke da suna a Amurka ba shi da mai shela a Arewa

Duk wanda ya taɓa riƙon hauya a Arewa ya san hadarin damana daga gabas yake tasowa. Gari ya yi tsit, zafi ya tsananta, sai jan ƙura ta tokare sararin sama, iska ta biyo baya, sannan ruwa ya kece. Abin da ba a cika gaya wa manomin Kore Mairuwa ba shi ne inda wannan al'amari yake dosa bayan ya bar gonarsa, da kuma yawan idanun da ke jiran sa a can ƙetaren teku.

Masana yanayi sun daɗe da gano cewa tsakanin watan Yuni da na Oktoba akwai wata igiyar iska mai ratsa sararin Sahel daga gabas zuwa yamma, bisa tsayin kilomita uku zuwa huɗu daga ƙasa. Tana fara lanƙwasa tun daga wajen Darfur da tsaunukan Habasha, kuma kowane kwana uku zuwa biyar sai wata sabuwa ta biyo sawun ta gabanta. A inda ta lanƙwasa nauyin iska yakan ragu, danshin da ya hauro daga tekun Gine ya samu hanyar hawa sama, gajimare ya haɗu. Ayarin hadarin da ke tafiya tare da ita shi ke ba mu mafi yawan ruwan da hatsi da wake suke sha. Bayan ta wuce Dogon Dutsi da Doso da Yamai, sai ta ratsa Burkina da Mali, cikin kwana uku zuwa huɗu ta faɗa tekun Atlantika ta gaɓar Senegal da Gine. Kimanin 60 ke fita haka kowace shekara. Galibinsu can suke mutuwa. Amma idan ɗaya ta tarar da ruwan teku mai ɗumin da ya kai digiri 26 ko 27, sai ta fara juyawa kamar dutsen niƙa, ta zama guguwar teku. Fiye da rabin guguwowin Atlantika daga nan asalinsu yake, kuma cikin manya masu rusa birane, wajen takwas cikin goma jikokin hadarin Afirka ta Yamma ne.

Ranar 14 ga Agusta 1992, lokacin da hankalin ƴan Nijar ya tattaru ga gwamnatin riƙon ƙwarya da shirin zaɓe, ɗaya daga cikin waɗannan igiyoyi ta bar gaɓar Afirka. Bayan kwana goma, da sunan Andrew, ta afka wa jihar Florida ta yi ɓarnar da ta zarce dala miliyan dubu 25. A ƙarshen Agusta 2015 wata mai suna Fred ba ta ma yi nisa ba, tsibiran Kap Ber ta daka. Shi ya sa cibiyar sa ido kan guguwa da ke Miyami ba ta ɗauke ido daga samaniyarmu. Tana bin hoton tauraron ɗan'adam dare da rana, tana raɗa wa guguwa suna, ana aika jiragen sama su kutsa cikinta su auno ƙarfinta, a gaya wa mazauna gaɓa su tashi tun da sauran kwanaki.

Ba hassada muke yi ba. Tambaya muke yi: shin wanda hadarin ya fara bi ta kansa, wa ke gaya masa?

Ba za a ce ilimin ba ya ƙasar nan ba. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974. Cibiyar ACMAD, wadda aka kafa don amfanin Afirka baki ɗaya, ita ma a Yamai take. Ga ma'aikatar yanayi ta ƙasa da ƙwararrun ƴaƴanmu a cikinta. A 1992 da kuma 2006, masana daga Turai da Amurka sun yi sansani a kewayen Yamai da na'urorinsu, sun auna iskarmu da ruwanmu da ƙurarmu, suka rubuta littattafai. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Dattawan da suka ga farin 1984, suka ji labarin yadda kogin Isa ya tsaya cik a Yamai a 1985, yau su ne ke kwashe jikoki daga ɗakin da ruwa ya ci. Ruwan ya dawo, amma ba yadda ya tafi ba: abin da a da yakan sauka cikin mako guda, yanzu a dare ɗaya yake zubowa.

Damanar 2024 ta isa shaida. Tun watan Afrilu masu hasashe na yankin suka sanar cewa ruwa zai wuce kima a Sahel. Aka ji, aka tafa, aka rufe taro. A ƙarshen Agusta Maraɗi ta sha milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi. A farkon Satumba tsohon masallacin Zinder, ginin ƙarni na 19, ya rushe. Da aka yi lissafi, hukuma da bakinta ta ce kusan mutum 400 sun rasu, fiye da miliyan ɗaya da rabi sun tagayyara, har komawar yara lakwal sai da aka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba. Tsakanin Afrilu da Agusta wata huɗu ne cur. Gada nawa aka duba cikinsu? Magudanar ruwa nawa aka yashe?

Mu dawo Kore Mairuwa, wadda sunanta ma ya faɗi halinta. Garin yana cikin Dallol Mawri, tsohon kwarin gulbi inda ruwan ƙasa yake kusa, inda duk abin da tudu da dutse suka ƙi sha yake gangarowa. Albarkar wurin ke nan, don ita ke raya garake da rani; haɗarinsa kuma ke nan. Ta nan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta bi, wadda ta haɗa Yamai da Ƙonni da Maraɗi da Zinder. Albasar Galmi ta nan take wucewa, haka ma ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki da iyalinsa da katifarsa bisa mota. Idan ruwa ya yanke wannan hanya wuni biyu, ɗan kasuwar da bai taɓa taka Arewa ba sai ya ji a aljihunsa.

Ga kuma abin da ya fi ba mu takaici. Ayarin hadari yana tafiyar kilomita 50 zuwa 60 a awa guda. Wanda aka gani bisa Ƙonni, idan bai watse a hanya ba, yana bukatar kusan awa uku kafin ya iso Dogon Dutsi da Tibiri. Tauraron ɗan'adam na Meteosat yana aiko da sabon hotonsa kowane kwata na awa, ko ƙasa da haka. Awa uku ta isa a fitar da tsohuwa daga ɗakin laka, a kawar da dabbobi daga bakin ƙorama, a ɗaga buhunan siminti da sukari daga ƙasan mangaza, a tsayar da motar haya a tasha. Amma labarin yakan fito ne da Faransanci, cikin kalmomin da ko mai digiri sai ya yi tunani, ko kuwa a telebijin bayan labaran dare, lokacin da iska ta riga ta ɗauke wuta. Gurbin da hukuma ta bari, masu jita-jita a WhatsApp ne ke cike shi da hoton guguwar wata ƙasa, suna cewa gobe za ta iso Doso. Guguwar teku ba ta zuwa Nijar, don ba ta rayuwa sai bisa ruwa mai ɗumi. Amma wa zai ƙaryata su, tunda mai gaskiyar bai yi magana da harshen mutane ba?

Za a ce mana hasashe yakan kuskure, kuma ganin hadari ba ya sa a yi wanka da kashi. Gaskiya ne. Sai dai asarar wanda ya kwana a makaranta ruwa bai zo ba, ba ɗaya take da ta wanda bango ya danne ba. Za a ce babu kuɗi. Saƙon minti biyu da Hausa da Zabarmanci a gidajen rediyon karkara, da waya ɗaya a hannun mai gari da limami da sarkin tasha, bai kai kuɗin man motocin ayarin da ke zuwa jaje da buhunan shinkafa da masu ɗaukar hoto ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi alkawari a 2022 cewa kafin ƙarshen 2027 gargaɗin gaggawa zai kai ga kowane ɗan'adam. Mun ɗauka mutanen Arewa suna cikin lissafin.

Akwai kuma laifin da ba na sama ba ne. Filayen da aka yanka aka sayar a kan hanyar ruwa, da sa hannu da hatimi aka sayar da su. Tun da aka rusa majalisun gundumomi a 2024, talaka ba shi da kansilan da zai tare a kasuwa ya tambaya. Nauyin ya koma kacokan kan waɗanda aka naɗa. Saboda haka su muke tambaya, daga gwamnan Doso har zuwa farfen Tibiri da na Dogon Dutsi: ma'aunin ruwan sama nawa ke aiki a ƙasarku, wa ke karanta su, kuma idan Yamai ta hango hadari da ƙarfe huɗu na yamma, lambar wa take kira a Kore Mairuwa? Shafin wannan jarida a buɗe yake ga amsarku kafin ruwan shuka.