LABARIN ƘASASHEN WAJE: Gonakin masara da aka sayar don masana'anta

Cikin kowace rediyo da kowace salula akwai wata ƴar ƙwaya baƙa. Girmanta bai wuce farcen yatsa ba. Ita ce ƙwaƙwalwar na'ura. Turawa suna ce mata semikondakta. In babu ita, salula ba ta kira, motar zamani ba ta tashi.

Da wani sinadari ake yin ta, sunansa silikon. Daga farin dutse da yashi ake tace shi. Yashi ba shi da tsada, amma aikin yana da wuya ƙwarai. Ƙura kaɗan tana ɓata ƙwayar. Don haka ma'aikata suna rufe jikinsu duka da farar riga, har fuska. Ana kuma wanke ƙwayoyin sau da yawa da ruwa mai tsabta. Masana'antar tana shan ruwa, tana cin wutar lantarki dare da rana.

A shekarar 1990, cikin ƙwaya 100 da ake yi a duniya, 37 a Amurka ake yin su. Zuwa 2020 sun koma 12. Aikin ya ƙaura zuwa Taiwan da Koriya ta Kudu da Sin. Da cutar korona ta zo, ƙwayoyin suka yi ƙaranci. A 2021 masana'antun mota da yawa suka tsaya. Sai hankalin gwamnatin Amurka ya tashi.

Ran 9 ga Agusta 2022 shugaba Jo Baidin ya sa hannu a wata doka. Dokar ta ware dala miliyar 52 da ɗoriya. Miliyar 39 daga ciki taimako ne ga masu gina masana'anta. A lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Maraɗi mai tamma biyar ba. Ita guda ɗaya ta fi sefa 500.

Jahohi da garuruwa ma suka shiga takara. Kowa yana son masana'anta ta zo wurinsa. Ga yadda abin ya kasance a jahar Ohayo.

A gabas da birnin Kolombos akwai karkara mai ƙasar noma. Masara da waken suya ake nomawa a can. A watan Janairu 2022 kamfanin Intel ya ce zai gina masana'anta biyu a wurin. Ya ce zai kashe dala miliyar 20. Ya yi alkawarin aikin dindindin ga mutum 3,000, da aikin gini ga mutum 7,000. Ya ce a 2025 za a fara fitar da ƙwaya.

Fili ake bukata, kimanin hekta 400. Masu gonaki suka sayar, wasu da kuɗi mai tsoka. Aka rushe gidaje da rumbuna. Aka cire filin daga ƙaramar hukumar karkara, aka haɗe shi da wani gari mai suna Niyu Albani. Wanda ya sayar ya samu kuɗi. Maƙwabcin da bai sayar ba ya samu ƙura da ƙarar manyan motoci a ƙofar gidansa. Kuma da farashin ƙasa ya hau, saurayin da ke son sayen gona ya ga ta fi ƙarfinsa.

To, me jaha ta bayar? Abin ya kai dala miliyar 2. Wannan ya fi kashi ɗaya cikin uku na kasafin kuɗin Nijar na shekarar 2025. Miliyan 600 kyauta ce kai tsaye ga kamfanin. Miliyan 691 na hanyoyin mota ne da bututun ruwa da wurin tace ruwa. Miliyan 650 kuma rangwamen lanho ne na shekara 30. Shi ma garin Niyu Albani ya yafe lanhon gine-ginen har shekara 30. Ruwan kuwa daga birnin Kolombos za a jawo shi, kimanin lita miliyan 19 kowace rana. Wato tano 95,000 ke nan mai cin lita 200.

Duk wannan kuɗin jama'a ne. Daga lanhon manomi da malamin makaranta da mai kanti ya fito. Hukuma ta ce ba asara ba ce, shuka ce. Ma'aikata za su zo, su biya lanho, su sayi abinci, su gina gidaje. Ƙananan kamfanoni za su biyo baya. Maganar ba ta banza ba ce. Amma shuka tana jiran ruwan sama.

A watan Satumba 2022 aka aza harsashi, shugaban ƙasa da kansa ya zo. Aka yi hanyoyi, aka shimfiɗa bututu, aka zuba siminti mai yawa. Sai kasuwar kamfanin ta yi sanyi, ya yi ta faɗuwa. A watan Fabrairu 2025 ya ce masana'anta ta farko ba za ta fara aiki ba sai tsakanin 2030 da 2031. Ta biyu sai 2032. A watan Yuli ya ƙara rage saurin ginin. A watan Agusta gwamnatin Amurka ta mai da taimakonta hannun jari, ta karɓi kusan kashi 10 cikin 100 na kamfanin.

Jahar Ohayo ta yi dabara ɗaya mai kyau. Ba da baki aka ba da kyautar miliyan 600 ba. An rubuta sharaɗi: a cika alkawarin kuɗi da na ma'aikata zuwa ƙarshen 2028, in ba haka ba jaha tana da ikon neman a maido mata. Kuɗi ana iya maido su. Gonar da aka zuba wa siminti ba ta sake ba da masara.

A ƙasar Japan abin ya bi wata hanya. Akwai wani ƙaramin gari mai suna Kikuyo, a jahar Kumamoto. Da noman karas aka san shi. Kamfanin TSMC na Taiwan ya fara gini a can cikin Afrilu 2022. Gwamnatin Japan ta ɗauki kusan rabin kuɗin, har yen miliyar 476. Aka buɗe masana'antar a Fabrairu 2024. Kafin shekarar ta ƙare an fara fitar da ƙwaya. Nan an cika alkawari.

Amma mutanen yankin, kusan miliyan ɗaya, ruwan ƙarƙashin ƙasa suke sha. Shi ne kuma masana'antar take ja. Jama'a suka ji tsoro kada rijiyoyi su yi ƙasa. Aka koma ga wata dabara da manoman yankin suka sani tun kafin zuwan kamfanin. In gonar shinkafa ba ta da shuka, sai a jawo ruwan kogi a cika ta. Ƙasar wurin tana shan ruwa da sauri, sai ya gangara ya ƙara na ƙarƙashi. Ana biyan manomi don wannan aiki. Kamfanin ya yi alkawarin mayar wa ƙasa ruwa fiye da wanda yake ja.

Makiyaya ne ba su ji daɗi ba. Yankin yana da shanun madara da yawa. Masu shanun suna hayar gonaki don su noma masarar da dabbobi ke ci. Da farashin ƙasa ya tashi, masu gonakin suka fi son sayarwa ga masu gina gidaje da ɗakunan ajiya. Mai haya ba shi da ta cewa, tun da ƙasar ba tasa ba ce. Wasu sai sun yi nisa kafin su samu wata gonar, wasu kuma sai sun sayi abincin dabba daga waje da tsada. Gwamnatin Japan ta riga ta amince da wani taimakon, har yen miliyar 732, don masana'anta ta biyu kusa da ta farko.