Wa Ke Leƙa Rumbun Sashe?

'Yan'uwana ɗalibai, da ku sababbin ma'aikata da kuka riga mu fita, duk inda aka haɗa kwamfutoci wuri guda, ko a sashen jami'a ko a ma'aikatar hukuma, akwai wani bawan Allah da ba a tunawa da shi sai ran da na'urar buga takardu ta ƙi aiki. Shi ne mai kula da uwar garke, watau babbar kwamfutar nan da sauran kwamfutocin ofis ke jingine da ita. Aikinsa kashi uku ne: ya raba wa kowa wurin ajiye fayil tare da iyakance abin da zai iya buɗewa, ya tsara layin buga takardu, sa'an nan ya riƙa ɗaukar kwafin ajiya saboda ɓacin rana. A ganina mun ɗauki waɗannan uku a baibai, mun fifita na ƙasa, mun bar na sama.

Buga takardu shi ne mai yawan hayaniya, amma shi ne mafi sauƙin ciwo. In tawada ta ƙare, mutum ya tsallaka shagon bakin ƙofa ya biya, magana ta ƙare. Rabon fayil ya fi wannan nauyi, domin inda aka bai wa malami da akawu da masinja kalmar sirri guda, to ba wanda za a tambaya in maki ya sauya da dare. Maganinsa sananne ne: kowa da sunansa da kalmarsa, kowa kuma da iyakarsa.

Kwafin ajiya kuwa ba ya kuka. Yana iya lalacewa shekara guda cur ba wanda ya sani, sai ranar da aka neme shi. Kada kuma wani ya ce wannan ciwon matalauta ne. A watan Disamba na 2021, Jami'ar Kiyoto ta ƙasar Japan ta yi asarar fayiloli wajen miliyan 34, kimanin terabait 77, na ƙungiyoyin bincike 14. Abin mamaki, manhajar da aka ɗora wa aikin ajiyar ita ce ta yi ɓarnar: an yi mata gyara alhali tana tsakiyar aiki, sai ta rikice ta shiga share abin da ba a ce ta share ba. A Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan kuwa, ɓarayin intanet ne suka kulle kwamfutoci a Disamba na 2019, har da waɗansu na ajiya, domin duk a haɗe suke. Tilas jami'ar ta biya fansar kusan Yuro 200,000. Na ma'aikatan hukuma ya fi waɗannan ban tsoro. A watan Satumba na 2025 gobara ta tashi a cibiyar kwamfutocin gwamnatin Koriya ta Kudu da ke birnin Daejeon, ta cinye ma'ajiyar fayilolin ma'aikata mai terabait 858, aka duba babu kwafinta a wani wuri, wai don ta cika girma.

To, in haka ta sami waɗanda wutarsu ba ta ɗaukewa, ina ga mu da ke fama da ƙurar hunturu da zafin bazara da janareta mai tari?

Masana wannan aiki suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kwafi 3, a kan irin ma'ajiya 2 daban-daban, 1 daga ciki a wani gini dabam. Kakanninmu ma ba su zuba irin shuka cikin rumbun da ake ɗiba kullum. Amma akwai ruɗi guda biyu da ya kamata a kawar. Na farko, a sa faifai biyu cikin uwar garke suna kwaikwayon juna a ce an yi ajiya. Wannan yana tsare mutuwar faifai ne kurum. In akawu ya share fayil bisa kuskure, nan take zai ɓace a duka biyun. Na biyu shi ne ya fi yawa, watau a ga na'ura ta rubuta cewa an gama ajiya, sai hankali ya kwanta. Ba a sanin ingancin kwafi sai an maido da shi a kan wata kwamfuta an buɗe an gani da ido. Kamfanin GitLab ya koyi wannan a Janairun 2017, sa'ad da ma'aikacinsa ya share bayanai bisa kuskure, aka bi hanyoyin ajiya biyar da suke taƙama da su aka tarar babu wadda ke aiki yadda aka zata.

Na san za a ce babu kuɗi. Ban yarda ba. Faifan ajiya na waje bai kai kuɗin kujerar ofis ta babban ma'aikaci ba, gwajin maidowa kuma lokaci kawai yake ci. Abin da ya yi ƙaranci shi ne daraja: mun mai da mai kula da uwar garke ɗan aiken gyaran waya, ba a kiransa taro, ba a tambayarsa lokacin kasafi, alhali sakamakon jarrabawarmu da kundin bincikenmu na shekarar ƙarshe duk a hannunsa suke.

Saboda haka ina kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta kai wa Majalisar Dattawan Jami'a buƙata guda. A ƙarshen kowane zangon karatu, shugaban sashe ya zaɓi fayil ɗaya na zangon da ya wuce, ba tare da ya sanar tun da wuri ba, a maido da shi daga kwafin ajiya a gabansa da wakilin ɗalibai, a rubuta tsawon lokacin da aka ɗauka, a manna takardar a allon sanarwa. Sashen da ya kāsa, a ba shi wata guda ya gyara a sake gwadawa.